KADA KI JIRA SAI ZANE YA ƘI ƊAURUWA

A wannan mako zancenmu a kan wata ɗabi'a tamu ce mai jawo asarar rai, watau ɓoye ƙaramin ciki. Mace ta yi ɓatan wata, tun ba cikin fari ba, sai kunya ta hana ta gaya wa kowa, ba ta zuwa awo sai ciki ya fito. To, 'yar'uwa, wannan kuskure ne.

In kin je asibiti, malama za ta tambaye ki ranar da hailarki ta ƙarshe ta fara, gama daga nan a ke lissafin mako 40. Don haka ki riƙa rubuta ranar. Sa'an nan a auna fitsari da jini, a duba hawan jini, a latsa mara. Amma hannu ba ya jin mahaifa ta kan mara sai wajen mako 12. Nan ne amfanin hoton ciki, wanda a ke kira sikanin.

Wani likita, Ian Donald, da abokan aikinsa a birnin Gilasgo su ne suka buga bayanin wannan dabara cikin 1958. Wani amo ne wanda kunne ba ya ji, ya shiga jiki ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. Daga mako 6 ko 7 a kan ga bugun zuciyar ɗa. Hoton kan nuna kwanakin ciki, da ko tagwaye ne, da babban abu duka: ko cikin ya zauna a mahaifa.

Gama wani lokaci ƙwai kan maƙale a bututun da ke kai shi mahaifa, ya girma can har ya fasa shi, jini ya yi ta zuba a ciki inda ido ba ya gani. In kin yi ɓatan wata, kika ji ciwo a gefe guda na mara, ko ɗigon jini, ko jiri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Cikin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara awo cikin mako 12 na farko, a kuma yi hoto kafin mako 24. In nauyin maigida ki ke ji, gaya wa yayarki ta raka ki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa yayyenku wannan. Allah ya raba lafiya. Sai mako mai zuwa.