Kabbara Ba Ta Gyara Sashe Na 277

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Manomin Dauran da aka ci wa iyakar gona zai kai ƙara gaban alƙalin Shari'a a Zurmi, a yanke hukunci da littattafan Malikiyya. Amma in ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Gusau, lauyan abokin shari'arsa na iya rushe komai da magana ɗaya: kotun ba ta da hurumi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita ta ga al'amuran iyali, irin su aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon marayu. A shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rikicin mallakar ƙasa ba ya ciki.

Ciwon ya daɗe. A 1978 wakilai Musulmi sun fice daga majalisar tsara tsarin mulki saboda an ƙi kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya. Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gusau ta cika maƙil, Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a, aka yi ta kabbara. Yau an haura shekara 25, wannan iyakar tana nan inda take.

Gyaran sashe ɗaya yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Wannan aikin hujja ne da rubutu, kuma masana ake kira. Farfesa Auwalu Yadudu na Jami'ar Bayero ya yi karatu har Harvard da Cambridge, ya zama mai bai wa Janar Abacha shawara kan shari'a, ya kuma halarci taron ƙasa na 2014. Ko mutum ya yarda da gwamnatin da ya yi wa aiki ko bai yarda ba, ilimi ne ya shigar da shi ɗakin da ake rubuta doka.

To, ina 'yan Dauran, Shinkafi da Ƙauran Namoda a wannan ɗakin? Matashin da ya sauke Risala da Askari ya riga ya yi rabin tafiya. Tsangayar shari'a tana nan a Jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato, tana nan a Kongo a Zariya. Wajibi ne wasu su jure, su yi digiri, su koyar, su yi rubutu, domin ranar da za a sake zama kan tsarin mulki a samu wanda ya san gonar Dauran a teburin.

Allah Ya ba matasa himma da juriya. Wassalam.