Ɗumama ruwan alwala ba ragwanci ba ne



Idan sanyi ya tsananta, jijiyoyin jinin yatsu suna tsukewa, jiki ya janye jini ciki don ya kare zuciya da huhu. Shi ya sa yatsu ke sandarewa. A wurare masu tudu kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ko Gembu a kan Mambila, abin ya fi tsanani: ga sanyi, ga iskar shaƙa ba ta kai ta ƙasa ba, sai jini ya ɗan ƙara kauri.

Ni dai ban yarda dattijo ya riƙa alwalar asuba da ruwan randa, wai ya fi lada ba. E, akwai lada ga mai cika alwala cikin wahala, amma ba a ce a nemo wahalar ba. Amru ɗan Asi (RA) ma taimama ya yi a wani dare mai tsananin sanyi, kuma Annabi (SAW) bai hana shi ba.

A ɗumama wa Baba ruwa. Amma fa a gwada da gwiwar hannu tukuna, musamman in yana da ciwon suga, don ƙafarsa za ta iya ƙonewa bai ji ba. Haka ma miƙa ƙafa ga kaskon wuta. A goge tsakanin yatsu, a sa safa marar matsewa.

In yatsa ya fara baƙi, ko miki ya ƙi warkewa, a ajiye man habbatus sauda, a tafi asibiti ranar.