SHARHI: Samfurin jirgin da matuƙi ya zaɓa, da abin da ya shafi fasinjan Sakkwato

Duk wanda ya baro birnin Sakkwato ya kama hanyar Boɗinga, sai ya wuce mashigar filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III kafin titin ya miƙe zuwa Shagari da Tambuwal. Daga nan maniyyatan jihar ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki, nan kuma ya zama mafita ga masu hali tun da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta zama abin fargaba. Sai dai kaɗan ne daga cikin fasinjoji suka san cewa zuwan jirginsu ko rashin zuwansa yana da alaƙa da wata shawara da matashin matuƙi ke yankewa tun farkon aikinsa: wane samfurin jirgi zai ƙware a kai?

A dokar sufurin sama, lasisin tuƙi kaɗai ba ya ba mutum damar zama a kujerar jirgin fasinja. Wanda ya kammala karatu a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, yana fitowa ne da lasisin kasuwanci bayan ya yi horo a ƙananan jirage. Kafin ya tuƙa Boeing 737 ko Embraer ko ATR, dole ya sake samun shaidar ƙwarewa a kan wannan samfurin takamaimai, a rubuta masa ita a lasisi, sannan ya riƙa komawa na'urar kwaikwayon tuƙi lokaci-lokaci ana sake gwada shi. Horon yana cin dubban daloli, galibi a ƙasashen waje ake yin sa, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 nauyinsa ya ƙara danne iyaye.

A nan zaɓin ke yin tsauri. Kamfanonin cikin gida sun rabu gida-gida. Rano Air na Kano ya fara aiki a 2023 da Embraer 145 mai kujeru 50. Green Africa ya dogara da ATR 72 mai farfela. Ibom Air yana da CRJ900 da Airbus A220. Max Air yana jigilar cikin gida da Boeing 737. Air Peace ya haɗa samfura da yawa, har da Boeing 777 da ya fara kai fasinja Landan da shi a watan Maris na 2024. Shaidar da matashi ya saya ita ce ke fayyace ƙofofin da zai iya ƙwanƙwasawa.

Ƙaramin jirgi yana da ribarsa. Gajerun tafiye-tafiye na nufin yawan tashi da sauka, kuma a nan hannun matuƙi ke faɗawa. Yana tara sa'o'i zuwa 1,500 da ake buƙata kafin babban lasisin da ke kai mutum kujerar kyaftin. Amma an daina ƙera Embraer 145, kuma kamfanonin da ke amfani da shi ba su da yawa. Idan kamfanin da ya ɗauke shi ya durƙushe, kamar yadda kamfanoni da dama suka durƙushe tun bayan da Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, sai matuƙin ya wayi gari da takardar da ba ta da masaya. Shaidar Boeing 737 ko Airbus A320 kuwa ana karɓar ta daga Legas har ƙasashen Larabawa, inda ake biyan albashi da kuɗin waje. Ba abin mamaki ba ne idan mai ƙwazo ya ɗauki ƙaramin jirgi a matsayin tsani.

Illar tana sauka ne a kan garuruwa irin Sakkwato. In ba lokacin aikin Hajji ko na siyasa ba, ba kullum ake samun fasinjan da zai cika babban jirgi ba. Mai kujeru 50 zuwa 70 shi ne daidai da kasuwar, kuma shi ne zai iya haɗa Sakkwato da Kano ko Kaduna ba tare da an zagaya ta Abuja ba. To amma jirgi ba ya tuƙa kansa. Duk lokacin da kyaftin ya tsallaka zuwa babban samfuri, kamfani na buƙatar watanni da daloli kafin ya maye gurbinsa, kuma hanyar da ba ta kawo riba sosai ita ake fara ragewa. Haɗa wannan da hazon hunturu, sai ka fahimci wani ɓangare na dalilin da ya sa allon tashin jirage ke yawan sauyawa.

Ba jinkiri kaɗai ke cikin lamarin ba. Ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato. Mutum 96 daga cikin waɗanda ke ciki suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da wani ɗan tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari. Rahoton bincike ya ɗora laifin a kan tashi cikin mummunan yanayi da gaza bin matakan tsira daga juyin iska na bazata, ya kuma nuna cewa na'urar da aka yi wa matuƙan horon wannan yanayi da ita ba ta dace ba. Matuƙan suna da takardunsu. Abin da ya gaza shi ne horon da ke bayan takardun. Mutanen Sakkwato da Shagari sun fi kowa sanin farashin wannan giɓi.

Gwamnatocin Arewa ma suna da darasi a gabansu. A zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Da yawa sun dawo da lasisi, suka kuma daɗe ba aiki, domin babu shaidar samfuri. An haƙa rijiya, ba a sayi guga ba. Duk jihar da za ta ɗauki nauyin irin wannan karatu, ya kamata kasafin ya kai har ƙarshen horon, tare da yarjejeniya a rubuce da kamfanin da zai ɗauki matashin, bisa sharaɗin yi wa hanyoyin Arewa aiki na wasu shekaru.

A matakin tarayya, kwalejin Zariya ta samu na'urar kwaikwayon Boeing 737, wanda ci gaba ne. Sai dai ƙananan jiragen da garuruwanmu suka fi buƙata har yanzu waje ake kai matuƙansu. Muddin horon ƙaramin jirgi na cin dala, albashinsa kuma na zuwa da naira, matasa za su ci gaba da zaɓar abin da zai fisshe su, kuma ba za a zarge su ba. Tambayar da ta dace 'yan majalisar da ke wakiltar Boɗinga da Shagari su kai gaban ma'aikatar sufurin sama ita ce: wa zai biya kuɗin horon matuƙan da za su riƙa sauka Sakkwato, kuma wa ke duba ingancinsa?