Wasiƙa Daga Dawanau Zuwa ga Matasan Malaman Lantarki

Wannan takarda taku ce, ku da kuka zaɓi zaman jami'a, a Bayero ko Wudil ko Zariya, domin bahasi a kan 'yan ƙwayoyin cif ɗin nan da ƙirƙirarriyar basira ke gudana a kansu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta garin nan da kaka, ya ga 'yan dako na kinkimar buhunan riɗi daga sito zuwa sikeli, su sake komar da su, gumi na tsiyaya, alhali awon kansa bai wuce ƙiftawar ido ba, to ya riga ya ga babbar mas'alar fanninku. Domin a cikin kwamfuta ma ɗauko lamba daga ma'aji zuwa wurin lissafi ya fi lissafin cin wuta nesa ba kusa ba. Ƙwaya guda ta Nvidia, H100, takan sha har wat 700, ƙwaƙwalwar da Allah ya hore wa ɗan Adam kuwa wajen wat 20 ya ishe ta. Masana sun daɗe suna neman dabarar shigar da sikeli cikin sito: Leon Chua ya kawo hujjar memristor, 'yar na'urar da za ta iya haɗa ajiya da lissafi wuri guda, tun 1971, amma sai 2008 masu bincike a HP suka ce sun ƙera shi, wanda ya isa ya nuna muku irin haƙurin da wannan ilmi ke bukata.

Na san uzurinku: masana'antun cif suna can Taiwan da Koriya, mu ko wutar ɗakin gwaji ba ta tsayawa. Uzurin ya yi rauni tun 2020, lokacin da Google da SkyWater suka buɗe wa kowa ƙa'idojin zane na nanomita 130 kyauta, ga kuma tsarin RISC-V da ba a biyan ko anini kafin a yi aiki da shi. Wasunku za su yatsine fuska, wai nanomita 130 tsohon yayi ne. To, ya wadatar da na'urar da za ta auna danshin riɗi, ko ta ji motsin ƙwaro a cikin buhun wake, da batir guda har damina ta kewayo.

Sai dai ina roƙonku, kada ɗokin ƙarin girma ya sa ku buga maƙala a kan abin da kwamfuta ta kintata muku kawai. Ku jona mita, ku karanta da idonku. Kafin ku tsayar wa ɗalibi maudu'in digiri, ku turo shi nan ya wuni a rumfar mai cajin waya, ya tambaye shi nawa fetur ke ci masa a rana.

Wassalam.