Simintin da ke cin katanga

A unguwannin Tawa, da zarar ɗan ci-rani ya dawo daga Abijan da ƴan kuɗinsa, sai ya sa a lulluɓe katangar ubansa da siminti, wai don a fitar da gida kunya. Magini ya san ɓarna ce, amma yakan yi gum don kada aikin ya kuɓuce masa.

Siminti ba ya kama laka. Zafin bazara ya buɗa shi, sanyin hunturu ya tsuke shi, har ya tsage. Ruwan damina ya bi tsagar ya shige, ya rasa mafita, tubali ya jiƙe ya narke a ɓoye. Ran da ɓawon ya ɓallo, sai a ce laka ce ba ta da ƙarko. Ƙazafi ne. Tubalin ƙasa kwaɓin ƙasa yake so tsakaninsa da ɗan'uwansa: a cika kowace gaɓa dam, a saɓa jeri kada baki ya hau kan baki, a sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Wannan hidimar ce ake gudu, aka laƙaba wa gudun sunan ci gaba.

Da ƙasar Adar ɗin nan Falke Barmu ya soma masallacin Yama a 1962, ginin da ya ci lambar yabon Aga Khan a 1986. Baƙi na ƙetaro teku su kalle shi. Attajirin Tawa kuwa yana kwana tsakar gida a watan Afrilu, domin ɗakinsa na bulo da kwano ya zama tanda.