Raddi Ga Masu Raina Faya-fayan Bessie Smith

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin masu tara tsoffin faya-fayan garmaho na Amurka. Masu shi suna cewa matan da suka yi tashe a shekarun 1920, irin su Bessie Smith, ba buluz na gaskiya suka rera ba, wai 'yan wasan dandali ne masu ado da gashin jimina, kamfanoni suka yi musu kwalliya don kasuwa. Buluz na asali, a faɗarsu, yana wurin namiji guda da jitarsa a karkarar Misisipi, kamar Robert Johnson ko Charley Patton. Sukan ƙara da cewa waƙoƙin wasu Bessie take rerawa, ƙarar allura ta cinye muryarta, kuma tausayin mutuwarta ne ya raya sunanta. Hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka ba lokaci ɗaya zan ba kowace ba.

Batun asali shi ne inda aka fi yi wa tarihi karan tsaye. Mamie Smith ta ɗauki "Crazy Blues" a kamfanin OKeh a watan Agusta na 1920, kuma cinikin wannan faifai ne ya buɗe idon kamfanoni cewa baƙar fata na da kuɗin sayen waƙarsu. Bessie ta shiga kamfanin Columbia a Fabrairun 1923, Ma Rainey ta fara da Paramount a wannan shekarar. To, ina mazan jita? Blind Lemon Jefferson bai fito a faifai ba sai 1926, Patton sai 1929. Shi kuwa Robert Johnson, waƙoƙinsa 29 an ɗauke su ne a 1936 da 1937, lokacin da Bessie ta riga ta ɗauki waƙoƙi kusan 160. Duk mai kunne zai ji yadda Johnson ya ɗebo salo daga faya-fayan Leroy Carr da Lonnie Johnson. Ashe mutumin da ake kafa hujja da shi a kan tsarkin karkara, shi ma almajirin garmaho ne.

Wa ya yanke hukuncin cewa shi ne asali? Ba mutanen zamaninsa ba, domin a rayuwarsa cinikinsa kaɗan ne. Sunansa ya tashi ne bayan Columbia ta tattara waƙoƙinsa a babban faifai a 1961, samarin Turawa na Ingila da Amurka suka ji, suka ɗauki jita, suka naɗa shi sarki. Ba na rage masa komai, gwani ne. Amma waɗanda suka ciro kuɗin guminsu suka sayi faifan Bessie na farko, dubban ɗaruruwa, su ne masu wankau da masu dako da ma'aikatan masana'antu da suka baro Kudu zuwa Chicago da sauran biranen Arewa. A ce su ba su san waƙar gidansu ba sai baƙon da ya zo bayan shekara arba'in, wannan magana tana buƙatar ƙarfin hali.

Suka ce ai Bessie 'yar dandali ce. Haka ne, kuma sai me? An haife ta a Chattanooga, iyayenta suka rasu tana ƙarama, ta yi waƙa a bakin titi ita da ɗan'uwanta don su sami na abinci. A 1912 ta shiga tawagar Moses Stokes a matsayin mai rawa, inda ta tarar da Ma Rainey. Shekara goma ta yi tana zagaya tantuna da ƙananan gidajen wasa na Kudu kafin a naɗi muryarta ko sau ɗaya, kuma waɗanda ke cika tantunan nan su ne masu tsinkar audugar da ake cewa buluz nasu ne. Idan yin waƙa don kuɗi a gaban taro yana kore asali, to sai a cire Mamman Shata daga mawaƙan Hausa, tunda shi ma a filin biki ya ci abincinsa.

A kan waƙoƙin wasu, zan ba su rabin gaskiya. Cikin faya-fayanta akwai na cika kwando, masu rarraunan baiti da makaɗan da ba su kai ta ba, musamman wajen ƙarshen shekarun 1920. Sai dai "Downhearted Blues" da ta fara da ita, Alberta Hunter da Lovie Austin ne suka tsara ta, mata biyu baƙar fata. "Backwater Blues" kuwa tata ce, ta ɗauke ta a Fabrairun 1927 tare da James P. Johnson a kan fiyano, tana ba da labarin matar da ambaliya ta raba da gidanta. Makonni kaɗan bayan haka kogin Misisipi ya ɓalle, mutane suka riƙa jin waƙar tamkar don su aka yi.

Yanzu ga ƙarar allura, wadda ita ce hujjar da ta fi kama da gaskiya, domin kowa ya ɗora faifan zai ji ta. Ya kamata a san yadda aka yi aikin. Kafin 1925 babu makirufo a ɗakin ɗauka. Mawaƙiya takan tsaya gaban wani babban mazurari, ƙarfin muryarta kaɗai ke girgiza allurar da ke yanka layi a kan kaki. Na'urar ba ta kama sauti mai kauri sosai ko siriri sosai, ana kuma gudun ganga don kada allura ta yi tsalle. Gefen faifai ba ya wuce kimanin minti uku. Babu yanka, babu ɗinki: in aka yi kuskure sai a koma farko. Murya mai rauni takan ɓace a irin wannan ɗauka. Ta Bessie, wadda ta saba kai magana kujerar ƙarshe ta tanti ba da lasifika ba, ta ratsa.

A gwada da "St. Louis Blues" ta ranar 14 ga Janairun 1925, wadda ta mazurarin aka ɗauka. W. C. Handy ya wallafa waƙar tun 1914, makaɗa da yawa sun yi ta da sauri don rawa. Ita sai ta ja ta a hankali, Fred Longshaw yana matsa ƙaramin ogan mai zuga irin na coci, Louis Armstrong, yana ɗan shekara 23, yana yi mata amshi da ƙahonsa. Takan riƙe kalma ta lanƙwasa ta ƙasa, ta makara da gangan a bayan kiɗa, ta bar masa gurbi, shi kuma ya cike gurbin ba tare da ya taka ta ba. Duk wannan yana nan ƙarƙashin ƙarar, kuma bayan sauraro biyu ko uku kunne yakan daina kula da ita. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kwafin da aka goge da kwamfuta fiye da kima: ƙarar ta tafi, amma ta tafi da kaushin maƙogwaro da numfashi, sai a bar ka da murya sumul wadda ba tata ba. Mai neman hujjar raina ta, a irin wannan kwafin zai samu.

Saura batun tausayi. Ta rasu ranar 26 ga Satumban 1937 bayan haɗarin mota kusa da Clarksdale. Labarin cewa asibitin Turawa ya ƙi karɓarta har jini ya ƙare mata, John Hammond ne ya yaɗa shi a mujalla, Edward Albee ya mai da shi wasan kwaikwayo a 1959, Chris Albertson kuma ya rushe shi a littafin tarihinta na 1972: asibitin baƙar fata aka kai ta kai tsaye, a can ta cika. A nan ni da abokan jayayyata bakinmu ɗaya, labarin ba gaskiya ba ne. Inda muka rabu shi ne abin da suka gina a kansa. Billie Holiday ta sha faɗa cewa daga faya-fayan Bessie da na Armstrong ta koyi waƙa. Mahalia Jackson, wadda ta ƙi rera buluz duk rayuwarta saboda addini, ta ce tana yarinya a New Orleans takan saurari Bessie ta kwaikwayi yadda take fitar da sauti. Su biyun sun yi wannan karatu ne a shekarun 1920, Bessie tana raye, tana yawo da taragon jirgin ƙasa nata na kanta, babu wanda ke tausaya mata.