LAIFIN JIYA, ƘOFAR GOBE: INA MAKOMAR SAMARINMU?

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda, ko daga Ƙaura ya miƙe Shinkafi ko Zurmi, ya san cewa tuƙi ya zama gonar samari da dama, musamman tun da ta'adin 'yan bindiga ya raba mutane da gonakinsu. Wani yaron mota ne yana jiran ranar da zai hau sitiyari, wani kuwa yana kabu-kabu ne kafin ya sami aikin gwamnati. Abin da yawancinsu ba su lura da shi ba shi ne, laifin da aka rubuta wa mutum yau yana iya tare masa ƙofa bayan shekara goma.

Mu fara da lasin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da maki da take ɗora wa kowane laifin hanya, ban da tarar da ake biya. Tuƙin ganganci yana cikin masu maki mafi nauyi. Idan maki ya taru, daga gargaɗi sai dakatar da lasin, daga nan sai ƙwacewa. A dā direban da aka karɓe wa lasin a wannan jiha yakan tsallaka wata ya yanko sabo da wani suna. To, yanzu ana ɗaukar hoto da zanen yatsu, kuma tun ƙarshen 2020 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake ba da lasin. Ke nan ƙofar sauya suna tana ta ƙara ƙunci. Direban da ya rasa lasin kuwa, ba kamfani ko ma'aikatar da za ta damƙa masa motarta.

Hukuncin kotu ya fi wannan nauyi. Aikin ɗan sanda da na soja ba a ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Dokokin aikin gwamnatin tarayya ma sun ce ba a ɗaukar irinsa sai da izini na musamman. Mai neman aiki ko karatu a ƙasashen waje sau da yawa sai ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna sai bayan shekara goma. Saboda haka ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wanda aka ɗaure wata uku kan satar waya, zai iya gama karatunsa ya tarar takardarsa ba ta buɗe masa waɗannan ƙofofi.

Ba mu ce dokar ba ta da hujja ba. Ba wanda yake so a ba mashayi motar da za ta kwashi matanmu zuwa kasuwar Shinkafi, ko a miƙa wa ɓarawo bindigar hukuma. Damuwarmu ita ce, wa dokar take kamawa? A 1999 kotu ta sami tsohon Shugaban Majalisar Wakilai, Salisu Buhari na Kano, da laifin ƙaryar shekaru da takardar karatu ta jabu. Ya biya tarar N2,000, Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa, kuma a 2013 aka sa shi cikin hukumar gudanarwar Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. A nan Zamfara ma, gwamnatin Bello Matawalle ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, har a 2020 ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindigar AK-47. Wanda ya tuba ta wannan hanya bai tsaya gaban alƙali ba, balle sunansa ya shiga littafi. Talakan da ya ci sarƙa har ya gama kuwa, shi ne tabon yake bi har tsufa.

Amma akwai hanya. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga ɗaurarren da ya gyaru, ta kuma hana nuna wa mai ita bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Gwamna yana da ikon yin afuwa a laifuffukan da suka shafi dokar jiha. Waɗannan haƙƙoƙi ne na kowa, sai dai mai gata ne kawai yake sanin ƙofarsu.

Don haka, 'yan'uwa, aiki biyu ke gabanmu. Na farko, mu ja kunnen 'ya'yanmu: su nemi lasin ta hanyar makarantar tuƙi da gwajin VIO, su guji na bayan fage, kuma kada su amsa laifi a kotu don kawai a sallame su da wuri ba tare da shawarar lauya ba. Na biyu, wanda ya fito daga gidan yari ya gyara halinsa, mu raka shi neman takardarsa, mu tsaya masa wajen masu ba da aiki. In muka rufe masa kowace ƙofa, akwai masu jiransa a daji da hannu biyu, kuma su ba sa tambayar takarda.